Gyaran Shu'ibu Maƙeri

Kolo ya auna baƙin burtun da ke kiwo cikin ciyawar fadama. Kan tsuntsun yake so, irin wanda maharba ke ɗaurawa a goshi su yi rarrafe har su kusanci nama. Ya ja kunamar bindiga. Ƙas! Ƙarfen da ke cilla kunamar ya sake karyewa.

"Allah wadaran wannan ƙira!" ya daka tsawa. Wani garken dinya, agwagin daji, ya tashi sama.

Tsohuwar bindiga ce, ubansa ya saya wurin fataken Borno. Shu'ibu maƙeri ke ɗora masa ƙarfen, kullum da rantsuwar ba zai ƙara karyewa ba. Kolo ya nufi Haɗejiya yana huci. Ya tarar da maƙera ba wuta, ya zauna bakin ƙofa yana tanadin zagi.

Can sai ga Shu'ibu cikin baƙar riga, gwiwoyi duk laka, baka a kafaɗa, fuska a murtuke.

"Bari kawai, Kolo. Tun safe nake rarrafe bayan dinya a fadama. Har na kai musu, wani mahaukaci ya kwarma ihu ya kore su." Ya jefar da jakarsa, kan burtu ya faɗo daga ciki. "Lafiya? Kar dai gyarana ya sake karyewa?"

Kolo ya dubi kan burtun, ya dubi bindigar. Ashe Shu'ibu ne burtun da ya auna ɗazu.

"Ya karye," ya ce a hankali. "Allah ya yi wa hannunka albarka."