Mai Kai Ƙarar Muntaka

Karo na uku ke nan da 'yan doka suka saki Muntaka da hantsi babu ko ƙwarzane a jikinsa, kuma lafiyar nan ita ta fi komai ba shi tsoro.

Tela ne a Tudun Wada, tuzuru, siyasa ta cinye masa lokacin neman aure. Shi ne magatakardan reshen jam'iyyar talakawa, masu cewa gona ta mai noma ce, a daina aikin tilas, Bature ya tattara ya koma gida. Masu hali suna kiransu 'yan gurguzu, kuma a shekarar zaɓen 1956 wannan suna ya isa a fasa wa mutum kai.

Sau uku reshen ya kira lacca ba izini, sau uku ana kama Muntaka da safiyar ranar. Na farko wai lasin kekensa ya mutu. Na biyu wai randar bayan ɗakinsa ba murfi, tana tara sauro. Na uku wai keken ɗinkinsa na sata ne. Sai ya kwana a tsare, washegari a ce kuskure ne, ya kama gabansa. Su kuwa waɗanda suka je fili kulki suke sha. A laccar jiya an karya wa mutum ɗaya ƙafa, tara suna gidan yari.

Daga caji ofis zuwa shagonsa ya yi gaisuwa ta fi goma, ba wanda ya amsa. A kan bencin ƙofar shagon ya tarar da Nagoda mahauci, shugaban reshe, an naɗe masa kai da tsumma.

"Barka da hutawa, magatakarda," in ji Nagoda. "Mu ana dukanmu, kai ana ba ka masauki. Samari sun ce kai ke sayar da mu, shi ya sa ake ɓoye ka kada sanda ta same ka. Na roƙe su su dakata zuwa la'asar. Ko ka kawo sunan mai kai ƙararka su je su same shi, ko su ɗauka kai ne kake kai kanka."

Muntaka ya san yadda samarin nan suke yi da maci amana. Hannun dama suke karyawa, su cinna wa shago wuta. Ya sa nasa hannun cikin aljihu.

A gida, Inna Kulu, mahaifiyarsa, ta dawo daga mararraba inda take tuyar waina, inda ɗan dako da ɗan doka duk suke karya kumallo. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Tana kankare tanda ta ce, "A ce wa wancan tuwonsa na nan a rufe." Bai sa ran sannu ba, bai kuma iya cin tuwon ba.

Ya zauna yana tunani. Wa ya san lasin kekensa ya mutu, alhali keken yana jingine a ƙuryar ɗaki? Wa ke ganin randar nan? Sai Malam Obadiya mai tabarau, malamin makarantar mishan da ke haya a ɗakin zaure, wanda tagarsa ke kallon bayan ɗakin. Mutanen Obadiya jiha tasu suke nema, a raba su da Arewa, kuma wata biyu kacal da suka ƙulla ƙawance da reshen. Obadiya ya san ranar kowace lacca. Shi kaɗai ne ma ya fito yau ya ce, "Sannu, Malam Muntaka, mun yi ta addu'a." Har wannan sannun bai kwanta wa Muntaka a rai ba.

In ya ambaci Obadiya, ba hannu ɗaya za a karya ba, unguwa ce za ta rabu biyu. In ya yi shiru, nasa hannun ne.

Bayan azahar ya nemi Sabo, ɗan dokan da suka yi makarantar allo tare. Ya same shi ƙarƙashin mangwaro a bayan ofis. Nagoda da samari biyu sun biyo shi, suka tsaya a tsallaken titi.

"Don Allah, Sabo, wane ne? Mai tabarau ne?"

Sabo ya dubi tsallaken titi, ya dubi ƙasa. "Ka bar maganar nan, Muntaka."

"In na bar ta, yau ba ni da hannu."

Sabo ya daɗe yana murza jar dararsa. "Duk ranar da aka ce za mu fita da kulki, kafin mu gama karya kumallo mu koma ofis an riga mu isa. A kawo ƙara, a roƙi Saje ya riƙe ka sai gari ya waye. Kuma ba a taɓa faɗin sunanka ba, sai dai kwatancen shago."

Ladan ya fara kiran la'asar. Nagoda ya sako ƙafa kan titi, samarin suna biye.

"Yi sauri," in ji Muntaka.

"Jiya Saje ya gaji, ya buga tebur ya ce ba zai rubuta komai ba sai an faɗi sunan wanda ake ƙara," in ji Sabo. "Sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, 'Ranka ya daɗe, a ina ka taɓa jin uwa ta kama sunan ɗanta na fari?'"