Layin Baƙin Katako

"Wannan ya cika shiru, kawo wani," in ji maigidan, yana tattaka katakon gwaji.

Shekarata shida ina shimfiɗa katako a daɓen gidajen mutane, ban taɓa ganin mai neman wanda yake yin ƙara ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙara ai aibi ce a aikinmu."

"Ni ita nake so. Ko kyanwa ce ta gifta falon nan, sai na ji." Ya juya ya kalli matarsa. "Ko ba haka ba, uwargida?"

Ba ta ɗago kai ba. Ta ja mayafi ta rufe kumburin da ke gefen idonta.

Kwana huɗu ina aikin. Na sassauta ƙusoshi yadda ya ce, ban da layi ɗaya na baƙin katako, daga ɗakinta zuwa ƙofar waje. Shi kam na ɗaure shi tamau.

Da ya fita amsa waya, na matsa kusa da matar, na yi ƙasa da murya. "Yaya, baƙin kawai za ki riƙa takawa. Ba zai ji fitarki ba."

Ta cire takalmi, ta bi layin har ƙofa, ta dawo. Ko ƙis bai yi ba. Sai ta yi wani irin murmushi.

"Aikinka ya yi kyau, ƙanena," ta ce. "Amma wa ya ce maka fita zan yi? Gobe ka juya layin nan, ya nufi ɗakin da yake kwana."