Kwanon da Ya San Ƙoshi

Tun da aka fito da kwanonin da ke rufe kansu, ba wanda ya sake ajiye teɓa da naman layya. Shekara uku rabon Inna Tabawa da ɗanta Ɗanlami, don haka ta cika masa kwano da suya. Yana gama tsoka ta huɗu murfin ya sauko a hankali.

Ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Kwano ya fi uwa sanin cikin ɗanta."

"Ai shi ya kori hawan jini, Inna."

"Na ji. Amma kai ɗin, ka ƙoshi?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya, ya dubi kwanon.