Kwatangwalon Hagu

Likita ya ɗaga hoton ƙashin ya duba. "Mama, kwatangwalon hagu ya cinye. Abin da ke ba ƙashin ƙwari ya lalace, yanzu ƙashi ke gugar ƙashi. Kaya kike ɗauka?"

"Ga kayan nan a tsaye." Ta nuna ni da haɓa. "Ita da yayyenta, duk a nan suka zauna ina girki."

Na sunkuyar da kai, na ƙara rungume ɗana. Tun da ciwon ya tsananta nake hana ta ɗaukar jikan nata.

"Na daman fa, likita?"

"Lafiyarsa ƙalau."

Ta miƙo mini hannuwa. "Kin ji ko? Ba ni mijina. Wannan gefen shi na ajiye wa dama."