Kofi Biyu a Gida Na Bakwai

Da la'asar ta shigo ɗan ofishinsu, ta ajiye takarda a teburinsa. Shekara uku yana gina wasan kwamfuta na zaman duniya, inda ƙananan mutane ke aure da girki da faɗa da maƙwabta, ita kuma tana gwada wasan tana nemo masa kurakurai. Makon jiya wani babban kamfani ya riga su fitar da irinsa, yau kuma kamfanin ya aiko mata takardar ɗaukar aiki.

"Ki je," ya ce, bai kalle ta ba. "Ba zan tare miki hanya ba."

"Sau tara ina rubuta maka matsalar gida na bakwai a wasanmu. Mutumin ciki kullum sai ya zuba shayi kofi biyu, ya ƙi sha, yana kallon ƙofar maƙwabciyarsa. Ka gyara komai, ka bar wannan. Jiya na ƙara girman hoton. Tabarauna ne a fuskarta."

Ya sunkuyar da kai. "Bakina ne ya yi nauyi."

"Na buga wasansu. Ya fi namu kyau nesa ba kusa ba, amma ba mai jiran kowa a ciki. Na ce musu na gode, ba zan zo ba."

Sai lokacin ya ɗago, idanunsa sun ciko. "Allah ya saka miki. Da wane baki zan gode miki?"

"Ajiye godiyar, Malam. Yayana yana gida ranar Asabar, ka turo manyanka. Shekara uku shayin bawan Allah yana hucewa, ai ya isa haka."