Mangwaron Direba

Ka tambaye ni, Alhaji, ko dole ne ka ba direban da ya kawo maka kaya wani abu, alhali an riga an biya shi kuɗin mota. Ba dole ba ne. Amma gyara zama ka ji abin da ya faru a wani ƙauye da ke ƙetaren rafi.

Akwai wani tsoho manomi da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar. Mutumin da a da hantsi ba ya riskarsa a gida, sai ga shi a zaure kan tabarma, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, shi dai sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake shaƙa daga nesa. 'Ya'yan ƙaninsa ke nome masa gonar, su dawo su ba shi labarin gero kamar labarin wata ƙasa. 'Yarsa da ke aure a birni ta yi ta ƙoƙari har ta saya masa keken guragu. Ta kai tasha, ta danƙa wa wani direban akori-kura mai bin hanyar ƙauyen, ta biya shi. Ana cikin ɗaure keken ta ce masa, "Don Allah malam, a lallaɓa. Baba so yake ya ga geronsa kafin a yanke."

Da direban ya iso bakin rafi, sai ya tarar ruwa ya tafi da gada. Ruwa ja wur, yana tafe da rassa da kututture, har da mushen akuya. Sauran direbobi na sauke saƙonni a rumfar mai shayi, in ruwa ya janye bayan kaka masu su su zo su ɗauka. Da shi ma ya yi haka, da ba mai ganin laifinsa. Ya daɗe a tsaye yana kallon ruwan. Can sai ya tuɓe rigarsa ya yi gammo da ita, ya ɗora keken a ka, ya yi bismilla ya shiga. Mutane suka yi ta yi masa ihu ya dawo. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. A tsakiya ya zo masa iya haɓa, har na bakin gaɓa ba sa ganin komai sai keke yana tafiya a bisa ruwa, tayoyinsa na juyawa a iska. Ihu ya koma salati. Wani kututture ya zo ya bangaje shi a kafaɗa, ya yi tangaɗi ya tsaya, keken bai taɓa ruwa ba. Ya haye, ya bi taɓo da ƙafa, ya shiga ƙauyen da la'asar, jini na bin hannunsa.

Bai ko nemi ruwan sha ba. Shi da kansa ya tallabi tsohon ya zaunar a keken, ya tura shi har gona, mutanen ƙauye na biye da su. Gero ya fi tsayin mutum, zangarniya duk ta sunkuya. Tsohon ya miƙa hannunsa mai lafiya ya kamo guda, ya kanga ta a kuncinsa, hawaye na gangarowa cikin furfurar gemunsa.

Da ya samu natsuwa sai ya ce a ba baƙo tukuici. Gidan kuwa ba ko akuya, magani ya cinye komai. Ɗan ƙaninsa ya sunkuyo ya raɗa masa cewa an biya direban tun daga birni. Tsohon ya ce, da harshensa mai nauyi, "Mota aka biya. Mota kuwa tana can ƙetare." A gefen gonar akwai wani mangwaro da ya dasa da hannunsa tun yana saurayi, duk yankin ba mai girmansa ko zaƙinsa. Ya sa aka matso da liman da mai unguwa, ya ce su shaida, wannan itace na wannan bawan Allah ne, 'ya'yansa da inuwarsa, shi da zuriyarsa. Direban ya durƙusa ya ce, "Baba, ni don Allah na yi." Tsohon ya ce, "Ni ma don Shi na ba ka. In ba ka karɓa, ɗauki kekenka ka mayar da shi ta cikin rafin." Direban ya tashi ya dafa gindin itacen da hannu biyu, ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya ga an yanke geron, ya sha furarsa, daga baya ya riga mu gidan gaskiya. Magada suka raba gona, amma ba wanda ya sa mangwaron cikin rabo. Duk bazara direban kan zo ya tsayar da motarsa a inuwar, ya cika kwando ya kai wa iyalinsa, saura ya ce na mai wucewa ne. Har yau in baƙo ya tambayi hanya a wurin, sai a ce masa ya miƙe har ya ga mangwaron direba.

To Alhaji, kuɗin mota haƙƙi ne, ka biya ka sauke. Amma abin da mutum ya ƙara daga jikinsa, zafin ranar da ya sha da ruwan da ya dake shi kafin kayanka su iso lafiya, wannan kyauta ya yi maka. Ka dubi fuskarsa in ya iso ƙofarka, ka ba shi daidai ƙarfinka, kuma da hannu biyu. Hausawa ba su faɗa a banza ba: yaba kyauta tukuici.