Tabarmar Gefen Gado

"Ja'iri, kar ka taka ta!" in ji tsohon, da na zo juya shi don gudun gyambon kwanciya.

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye matarsa ke jinyarsa, kan tabarma take kwana gefen gado. Kwana biyu kafin nan ta faɗi tana tuƙa masa nsima, wato tuwon masara, ba ta sake tashi ba. 'Ya'yansa suka roƙe mu, mu masu kula da shi, kada ya ji, jininsa zai hau.

Na ƙaƙalo dariya. "Kaka, ai budurwar taka ta tafi neman saurayi mai tafiya!"

"Ƙarya kake. Ga ta nan zaune. Faɗa ne kawai ta daina yi mini."

An daɗe da naɗe tabarmar. Har yau tsallake wurin nake yi.